Garin da Ke Gama Zaɓe Kafin Zakara Ya Yi Cara

Akwai wani gari a Amurka wanda da aka yi ƙidayar jama'a ta 2020 aka tarar da mutum huɗu a cikinsa. Malam, ajiye kofin shayin nan kada ka ƙone. Ban ce dubu huɗu ba, ban ce gida huɗu ba, mutum huɗu na ce, masu rai da numfashi. Da za ka zuba su a Golf ta tasha, ɗan kamasho zai ci gaba da ihun "saura mutum biyu" har rana ta take. Sunan garin Dixville, yana jihar New Hampshire, kuma duk bayan shekara huɗu manyan gidajen talabijin na duniya sukan ɗaure kaya su tafi can su kwana a tsaye, don kawai su ji wa mutanen garin suka zaɓa ya zama shugaban ƙasa.

Na ga wasunku sun fara murmushin nan na "yau kuma da wacce ya zo". Ku yi murmushinku, ba a biyan haraji a kansa. Amma ku zauna tukuna, don wanda ya tashi a tsakiyar labari shi ne gobe zai je majalisa ya ba da shi a karkace, ya ce ni na faɗa.

Mu fara da inda wurin yake, tunda na san akwai Bazazzagen da zai ce sai ya gani a taswira, alhali ko an ba shi taswirar a kife zai riƙe ta. New Hampshire tana can kusurwar arewa maso gabashin Amurka, ta jingina da Kanada. Jihar tana da gundumomi goma, kuma wadda ta fi kowacce nisa a arewa ita ce Coos. A cikin Coos ɗin ma Dixville tana can sama, kimanin kilomita 30 daga iyakar Kanada. Faɗin ƙasarta ya kai murabba'in kilomita 127. Ku raba wannan da huɗu, kowane mutum ya tashi da sama da murabba'in kilomita 30 shi kaɗai. Alhaji mai dillancin filaye, na ga idonka ya yi ƙyalli, har ka fara yanka fuloti a zuci. Sanyaya ranka. Ƙasar nan duwatsu ce da kurmi, itatuwa dogaye masu ganye tsinke-tsinke waɗanda ba sa kaɗewa rani da damina, da beyar, da wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai faffaɗan ƙaho da ta fi doki tsayi, wadda idan mota ta yi karo da ita cikin dare sai a yi wa motar jaje. Ƙanƙara kuwa takan fara sauka tun wajen Nuwamba, ta yi zamanta har Afrilu. Fulotin da ka yanka wata biyar ba za ka ga turakunsa ba.

Hanya ɗaya ce ta kirki ta ratsa garin, titi mai lamba 26. Daga yamma tana tasowa daga Colebrook, wani ƙaramin gari a bakin kogin Connecticut, ta hau ta kutsa ta wani matsattsen mashigi tsakanin duwatsu masu tsaye cak, sannan ta gangara gabas zuwa Errol. Wannan mashigi shi ake kira Dixville Notch, kuma da sunansa duniya ta fi sanin wurin. Ruwan sama ma a nan yake raba hanya. Wanda ya faɗi ta yamma ya bi rafin Mohawk ya shiga Connecticut, wanda ya faɗi ta gabas ya bi wani rafin ya shiga kogin Androscoggin. A saman mashigin akwai wani siririn falalen dutse da ya miƙo kansa cikin iska, ana ce masa Table Rock. Masu ƙarfin hali sukan hau su tsaya a bakinsa su leƙo tafki da rufin wani ƙaton otal a ƙasa. Ku riƙe otal ɗin nan a ranku, don shi ne uwa shi ne uba a labarin.

To me ya hana mutane zama? Ai ba yau aka fara ba. Yankin gaba ɗaya asalinsa ƙasar farauta da kamun kifi ce ta mutanen Abenaki. A 1805 majalisar jihar ta ba wani Kanar Timothy Dix wannan yanki a kan dala 4,500, da sharaɗin ya zaunar da mutum talatin a wurin cikin shekara biyar. Talatin kacal aka nema, jama'a, aka kasa samu. Kanar ya tafi yaƙin da Amurka ta gwabza da Ingila daga 1812, bai dawo ba. Sha'anin filin ya koma hannun Daniel Webster, lauya kuma ɗan siyasar da ya yi suna wajen iya magana, wanda ya tsaya wa Kanar tun farko. Shi ma duk zaƙin bakinsa bai iya lallaso mutane su zo su zauna a cikin wannan sanyi ba. Ɗan Kanar, John Adams Dix, shi ne ya yi nisa, har ya zama janar ya kuma yi gwamnan New York, amma a can ya yi nisan nasa, nesa da dutsen da ke ɗauke da sunan gidansu.

A nan zan ɗan sauke murya, don abin da ke tafe ba na dariya ba ne. Waɗanda suka amsa kira mutum biyu ne, John Whittemore da matarsa Betsey, a 1812. Shekara uku suna fama. Hanyar mashigin takan toshe da zarar ƙanƙara ta sauka, babu mai shiga babu mai fita. A watan Disamba na 1815 Betsey ta rasu. Ƙasa ta daskare ta yi tauri, ba ta haƙuwa, maƙwabci babu. Haka mijin ya ajiye gawar matarsa a daskare har sanyi ya wuce, sannan ya samu ya binne ta. Mu da ba ma barin gawa ta kwana idan da hali, mu ɗan auna wannan. Daga nan ya tattara ya koma Colebrook, ya rayu har 1846, da ya mutu aka kawo shi aka kwantar kusa da ita. Kaburburan suna nan a gefen titi har gobe. Bayan tashinsa sai da aka yi kusan shekara hamsin babu wanda ya sake kafa gida a wurin.

Abin da noma ya kasa yi, shan iska ya yi. A shekarun 1870 aka gina wani ɗan masauki a bakin mashigin, aka sa masa suna Dix House, don matafiya da masu kuɗin birni da ke gudun zafi da ƙura. A 1895 wani attajiri daga Philadelphia, Henry Hale, ya saye shi, ya sake masa suna The Balsams, ya faɗaɗa shi har ya zama fada mai ɗaruruwan ɗakuna a tsakiyar daji. Gari babu mutane, amma ga otal da ke ɗaukar baƙi ɗari-ɗari. Hajiya, na ji kin ce "ikon Allah". Ai ba ki ji komai ba.

A 1954 otal ɗin ya faɗa hannun wani mutum mai suna Neil Tillotson. Sana'arsa roba. Shi ne ya yi suna da balan-balan ɗin roba da yara ke hurawa, wanda ya fara fitarwa a farkon shekarun 1930 da siffar kan kyanwa, daga baya ya shiga yin safar hannu ta likitoci. Da ya sayi otal sai ya kafa masana'antar roba a bayansa. Baƙi na gaba suna cin abinci da cokali mai yatsu, ma'aikata na baya suna tsoma hannayen gwaji a cikin ruwan roba. Yawancin mutanen da suka taɓa zama a Dixville a zamanin nan ta wannan ƙofa suka shigo, ko ma'aikacin otal ko na masana'anta. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin labarin: garin mutum ɗaya ne, ya kawo aiki mutane suka biyo shi.

Sai maganar zaɓe. Kafin 1960 mazauna wurin sai sun yi doguwar tafiya kafin su jefa ƙuri'a, don Dixville ba ta da hukumar kanta. Tillotson ya bi ta majalisar jiha aka ba garin matsayi na musamman, aka yarda ya kafa hukuma don abu ɗaya tak, wato gudanar da zaɓe. Sannan ya duba dokar jihar ya ga wata ƙofa a buɗe. Doka ta ce idan duk wanda ke cikin rajista ya riga ya jefa ƙuri'arsa, ana iya rufe rumfa nan take a ƙirga. A birni wannan doka ba ta da amfani, don ba za a rasa wanda ya tafi biki ko ya yi fushi ba. A garin mutum tara kuwa, sai a tara kowa a ɗaki ɗaya, a jira ƙarfe sha biyun dare ta buga, ranar zaɓe ta shigo, a jefa, a rufe, a ƙirga, a faɗa wa duniya. Otal yana da ɗakuna da wayoyin tarho, 'yan jarida suna da yunwar labari. Tuwo ya haɗu da miya.

Ku ɗan leƙo ɗakin ku gani. A cikin otal ɗin aka ware shi, bangonsa cike da hotunan 'yan takarar da suka taɓa zuwa neman alfarma. Kowane mai zaɓe da ɗan shingensa da aka lulluɓe da tutar ƙasa, don kowa ya cike takardarsa a lokaci guda, kada a ɓata ko minti. Akwatin katako a tsakiya. Tsoho Tillotson yana tsaye a kansa, takarda a hannu ɗaya a bakin ramin akwati, idonsa a kan agogon da ke ɗaya hannun. Tsinken agogo na hawa sha biyu sai ya saki. Sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya, a juye akwati a kan tebur, a ƙirga a gaban kowa, wani ya ɗauki alƙalami ya rubuta sakamako a allo da hannu. Haka tsohon nan ya riƙa jefa ƙuri'ar farko shekara arba'in, har ya rasu a 2001 yana da shekara 102. Bayansa sai aka koma yin ƙuri'a don fitar da wanda zai fara jefa ƙuri'a, kuma ɗansa Tom ya daɗe yana jagorantar taron.

Yanzu na san abin da ke ran ɗan'uwana mai son duba. Yana cewa, to ai shi ke nan, wanda Dixville ta zaɓa shi zai ci, tunda duniya ba za ta taru a banza ba. Ɗan'uwa, da boka ne garin nan da tuni an ƙone masa bukka. Zaɓen farko na 1960, Nixon ya sami tara, Kennedy bai sami ko ɗaya ba. Kennedy ya ci ƙasa. A 1968 suka ba Humphrey, Nixon ya ci. A 1992 Bill Clinton ƙuri'a biyu ya samu a wurin, ya zo na huɗu, har ɗan wata ƙaramar jam'iyya ya sha gabansa, kuma Clinton ɗin ne ya tare a fadar White House. A 2008 dai sun dace, Obama 15, McCain 6. A 2012 suka raba biyar da biyar tsakanin Obama da Romney. A 2016 Hillary Clinton ta sami huɗu, Trump biyu, Gary Johnson ɗaya, wani kuma ya rubuta sunan Romney da hannunsa alhali bawan Allah bai ma tsaya takara ba. Kun san wanda ya ci. A 2020 Biden ya kwashe biyar ɗin duka, amma a daren nan, a garin Millsfield da ke manne da su, Trump ya sami 16, Biden 5. Dutse ɗaya ya raba su, ra'ayi ya sha bamban. A 2024 Kamala Harris uku, Trump uku, aka tashi canjaras, 'yan jarida suka naɗe wayoyinsu suka koma ba su ƙaru da komai ba.

Zaɓen fidda gwani ma haka. New Hampshire tana da doka tun 1975 cewa nata zaɓen fidda gwanin sai ya riga irinsa na kowace jiha da aƙalla mako guda, don haka Dixville takan zama ta farkon farko. A Fabrairun 2020 mutum uku cikin biyar suka rubuta sunan attajiri Michael Bloomberg, wanda ko a takardar zaɓen jihar babu shi. Wata ɗaya bai cika ba ya janye. A Janairun 2024 Nikki Haley ta kwashe shida cikin shida, gari ya waye Trump ya lashe jihar. Duk ɗan takarar da Dixville ta rungume shi gaba ɗaya, ni dai shawarata ya fara haɗa jakarsa.

Kuma don kada wani ya ce na ɓoye, su ba su suka ƙirƙiro zaɓen tsakar dare ba. Wani ƙauye a jihar, Hart's Location, ya fara yin zaɓen sassafe tun 1948 saboda ma'aikatan jirgin ƙasa da ba sa samun sukuni da rana. Amma Hart's Location ba ta da otal mai ɗaruruwan ɗakuna, ba ta da attajirin roba mai sanin darajar hoto a jarida. Ni a ganina rabin wannan al'ada talla ce, kuma tallar ta yi kyau. Mutum ya sa sunan otal ɗinsa a bakin duniya duk shekara huɗu bai biya ko sisi ba. Kanawa, ku cire hula ku gaida ubangidanku.

To amma otal ya rufe a 2011, masana'anta ma ta riga ta tsaya. Aiki ya tafi, mutane suka bi shi. Ƙidayar 2010 ta sami mutum 12, ta 2020 ta sami huɗun nan da kuka yi wa dariya. Wani mai gina wuraren wasan zamiya a ƙanƙara, Les Otten, ya shigo da shirin farfaɗo da otal ɗin tun wajen 2014, ana ta zane ana ta neman kuɗi, shekaru suna ta wucewa. Zaɓen ma ya bar tsohon ɗakinsa, ya koma falon gidan da Tillotson ya zauna.

A nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. Gab da zaɓen 2020 hukumomin jiha suka duba suka ce wa garin, ku dakata. Zaɓe ba taron shan shayi ba ne. Doka tana son a ga mai jagorantar zaɓe, da magatakarda, da 'yan majalisar gari, kowace kujera da mutum a kanta, kuma mutumin ya zama mazaunin garin na gaskiya. Aƙalla mutum biyar ake bukata. Aka ƙirga aka ga huɗu. Al'adar shekara sittin ta tsaya a kan mutum ɗaya. Aka ce idan ba a samu ba, sai su je garin maƙwabta su bi layi da rana kamar kowa. Ana cikin haka Les Otten ya tattaro ya tare a garin ya yi rajista, ya zama na biyar. Ku lura, babu wanda ya tashi matacce daga kabarin gefen titi ya ba shi kati. Babu wanda ya yi wa beyar rajista. An rasa mutum, aka tsaya cik sai da mutum ya zo da ƙafarsa. Kuma a zaɓen nan duk wanda ya jefa ƙuri'a jami'in zaɓe ne, duk jami'in zaɓe mai jefa ƙuri'a ne. Wanda ya miƙo maka takarda, kai za ka juya ka miƙa masa tasa.

Sai wani ya ce, to bayan zaɓe fa, wa ke mulkinsu? Tambaya mai kyau, ko da yake na san daga bakin mai neman kujerar kansila ta fito. A New Hampshire garuruwa 221 ne ke da cikakkiyar hukumar kansu, ban da birane 13. A yawancin irin waɗannan garuruwa, duk shekara a watan Maris mazauna sukan taru a zaure ɗaya, a karanto kasafin kuɗi layi-layi: nawa za a kashe a kan titi, nawa a kan motar kashe gobara, nawa a kan share ƙanƙara. A yi musu, a ɗaga hannu, abin da ya rinjaya shi ne doka. 'Yan majalisar gari, galibi mutum uku, su ke aiwatarwa. Kuɗin kuwa daga aljihun mutanen yake fitowa, don jihar ba ta karɓar harajin albashi, ba ta da harajin saye da sayarwa na bai ɗaya, harajin gida da fili shi ne ƙashin bayan komai. Mutumin da ya san kuɗin rufin gidansa ne za a sayi motar hukuma da shi, ba sai an roƙe shi ya zo taro ba.

Dixville ba ta cikin waɗannan 221. Tana cikin wasu yankuna 25 da ba su da cikakkiyar hukuma saboda ƙarancin mutane, 23 daga cikinsu a gundumar Coos, wasunsu ko mutum ɗaya babu. Waɗannan gunduma ce ke riƙe da su. Kwamishinoni uku da jama'ar gundumar suka zaɓa su ke tsara musu kasafi, 'yan majalisar jiha da suka fito daga gundumar su amince, wani kwamiti na gunduma ya duba wanda ke son yin gini ko sauya amfanin fili. Masu biyan kuɗin su ne masu dazuzzukan katako, da masu otal, da kamfanin da ya kafa manyan injinan lantarki masu aiki da iska a kan tsaunukan yankin. Wato Dixville hukumarta ta zaɓe ce kawai, sauran hidima a wuyan gunduma take. Af, mai neman kansila, kafin ka nemi biza: 'yan majalisar wakilan jihar su 400 ne, kuma albashin kowannensu dala 100 ne a shekara. A shekara na ce, ba a zama ɗaya ba. Tun 1889 aka rubuta shi a tsarin mulkin jihar, ba a ƙara ko kwabo ba. Na ga ka mayar da fasfo aljihu.

Irin waɗannan ƙananan hukumomi na karkara ba a New Hampshire kaɗai suke ba, sun haura 16,000 a jihohi 20 na Amurka. Wasu suna da makaranta da 'yan sanda, wasu aikinsu bai wuce gyaran hanya da kula da maƙabarta ba. Su ma can ana gardama a kansu, wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce a haɗe su, wasu na cewa a bar wa talaka hukumar da zai iya buga wa ƙofa.

Yanzu bari in juyo kanku, masu dariyar gari mai mutum huɗu. A 2023 hukumar zaɓen Najeriya da bakinta ta sanar cewa cikin rumfunan zaɓe 176,846 akwai 240 da babu ko mutum ɗaya a rajistarsu. Dixville ko ba komai tana da huɗu, har ta samo na biyar. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar, Kano kaɗai 44, kowacce da dubban mutane, da sakatariya, da shugaba mai jiniya. A cikinku wa ya taɓa ganin kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa da idonsa? Wa aka taɓa kira ya ɗaga hannu a kan kwalbati? Sai da Kotun Ƙoli ta zauna a watan Yulin 2024 kafin a ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a daina ɗora musu kantomomi. Na san amsarku, kuma tana da ƙarfi: ƙirga ƙuri'a shida ba gwaninta ba ce, yaro ɗan aji ɗaya zai yi. Gaskiya ne. Garin da kowa ya san motar kowa, maguɗi ba shi da wurin ɓuya, kuma sirrin ƙuri'a ma sai a hankali, don ranar da aka tashi biyar da babu kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya dangwala. Ban ce ku kwaso tsarin Dixville ku kai Dawakin Tofa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an ce musu biyar doka ta ce, suna da huɗu, kuma duk da kyamarorin duniya da ke jiransu babu wanda ya ce a rufe ido a wuce.

Hukuncina a kan garin nan bai da tsawo. Wajen hasashen wanda zai ci zaɓe, sifili ne. Wajen talla, gwani ne. Wajen zama gari kuwa, rai na hannun Allah, don idan otal bai tashi ba, mutum biyu suka yi ƙaura, an gama.

Wanda har yanzu yake ganin tatsuniya na shirya, ba sai mun yi rantsuwa ba. Zaɓen shugaban ƙasar Amurka na gaba ranar Talata ne, 7 ga Nuwamba, 2028. Sha biyun darensu ita ce ƙarfe shida na safe a Kano da Zariya da Yamai. In Allah ya kai mu, kuma suka iya haɗa mutum biyar, ka idar da sallar asuba ka kunna rediyo ko ka buɗe waya. Kafin kokonka ya huce sakamako ya fito. In na yi ƙarya ka zo ka karɓi kuɗin ƙosai, in kuwa gaskiya ce, Malam, kai za ka saya.